Manya, Jiga-jigai, Gwanaye da Shafaffu da Mai: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina koyar da Hausa a nan Katsina, kuma tun da na ajiye alli ba a bar ni na huta ba. Ɗalibai masu rubuta kundi, da yaran da ke fassara labarai a gidajen rediyo, da masu shirya jawabin walima, kowa da tambayar da yake kawo mini a zaure bayan La'asar. Wadda ta fi yawan dawowa ita ce ta sunan da ya dace a kira waɗanda suka yi wa saura zarra. Ga waɗanda na iya tunawa, da irin amsar da nakan bayar.

Malam, akwai kalma ɗaya tak da ta haɗe duk waɗanda suka fi saura a cikin jama'a?

Babu, kada ka wahalar da kanka nema. Wadda ta fi kusa ita ce "manya", ita ma riga ce mai faɗi, kowa ka zura masa sai ta shige shi. Bahaushe in zai ce wane ya fi, sai ya faɗi abin da ya fi da shi: rawani ne, aljihu ne, allo ne, gwanintar hannu ce, ko kuwa dai ya samu shiga ne wurin mai iko. Kowanne da sunansa. Bayan wannan kuma kalmar da ka ɗauko tana tona cikinka, tana nuna ko yabo kake yi ko habaici. Mutum ɗaya za ka ce da shi "jigo" ya yi maka kyauta, ka ce da shi "shafaffe da mai" ya daina amsa sallamarka.

Mene ne bambancin "manya", "masu faɗa a ji" da "masu ruwa da tsaki"?

"Manya" tana ɗauke da shekaru da daraja tare. Shi ya sa tsohon limamin unguwa da ba shi da ko keke yana cikin manyan unguwa, yaron da ya yi kuɗi shekaranjiya kuwa sai dai a ce masa "babban yaro". In aka ce "manyan gari" an haɗa da masu rawani da dattawa, in aka ce "manyan ƙasa" an tafi can sama, wajen tsofaffin shugabanni da janar-janar.

"Masu faɗa a ji" maganar tasiri ce. Mutum yana iya zama ba shi da kujera ko ɗaya, amma in ya ɗaga waya a canza sunan ɗan takara kafin gari ya waye.

"Masu ruwa da tsaki" kuwa ba lallai su zama manya ba. Duk wanda abin ya shafa har yake da ta cewa a ciki, ya shiga. In batun takin zamani ake yi, manomin Bakori mai ruwa da tsaki ne, ko da ba a ba shi kujera a ɗakin taro ba. 'Yan jarida sun mai da ita kamar sunan manyan ma'aikata kawai, ni kuwa wannan yana ba ni haushi.

Su wa ake nufi da "masu sarauta", kuma duk matsayinsu ɗaya ne?

Ina! A ƙasa akwai mai unguwa, sai dagaci ko magaji, sai hakimi, sai Sarki. A cikin hakiman ma akwai na gaba. A masarautar Katsina masu zaɓen sarki huɗu ne: Ƙaura, wanda shi ne hakimin Rimi, Galadima, hakimin Malumfashi, 'Yanɗaka, hakimin Dutsin-ma, da Durɓi, hakimin Mani. Waɗannan sarautu sun girmi jihadi. Tun zamanin sarakunan Haɓe, zuriyar Muhammadu Korau, ake da su, kuma da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807 sunayen ba su mutu ba, gidajen da ke riƙe da su ne aka sauya. Wanda ya zagaya ganuwar birni zai ga shaida a sunayen ƙofofi: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar 'Yanɗaka. Sarki Muhammadu Dikko ma yana Durɓi ne aka naɗa shi Sarkin Katsina a 1906, gidan Sulluɓawa ya gaji Dallazawa, kuma gidan nan ne ke kai har yau: Usman Nagogo daga 1944, Muhammadu Kabir Usman daga 1981, Abdulmumini Kabir Usman daga 2008.

Akwai kuma abin da mai rubutu ya kamata ya kiyaye. Sarauta iri-iri ce: ta 'ya'yan sarki, irin su Ciroma da Yarima, ta gidajen da suka gada kaka da kakanni, ta malamai, irin su Waziri da Alƙali da Liman, ta bayin sarki da fadawa, sai wadda akan ba mutum don karramawa, ba ƙasa a hannunsa. Duk rawani ne, amma in an zo zaman fada kowa ya san inda shimfiɗarsa take. Sunayen ma ba daga tushe ɗaya suke ba. Galadima da Ciroma da Yarima daga Barno muka aro su, Waziri da Alƙali daga Larabci.

An ce a Daura aka fara Ƙaura da Galadima. Gaskiya ne?

Haka Daurawa ke ba da labari, a cikin labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu. Da gari ya waye aka ga macijiya a yashe, sai Magajiya Daurama ta aiki Galadima ya dubo. Ya hango daga nesa ya komo. Ƙaura ya je har inda take, ya taɓa, ya tabbatar ta mutu. To daga nan, in ji masu labari, Ƙaura ya zama na yaƙi, Galadima ya zama na riƙon gari. Ko mutum ya ɗauki labarin a matsayin tarihi ko a matsayin gadon baka, ya nuna yadda mutanen da ke rarraba manyansu: da mai zuciya, da mai shawara, ba a cakuɗa su. Daura ta bambanta da Katsina ta wata fuska, domin a can tsohon gidan sarautar Haɓe ne Turawa suka mayar kan gado a 1906, kuma shi ke riƙe da ita har zuwa Sarki Umar Faruk Umar da aka naɗa a 2007. Shi ya sa in Badauri ya ce maka wane "ɗan asali" ne, lissafinsa yana tafiya nesa.

Daga ina "masu hannu da shuni" ta samo asali?

Daga marina. Kafin shadda da yadin kanti, suturar alfarma ita ce wadda aka rina da baba har ta yi baƙi ƙirin, aka buga ta da shuni a mabuga har tana ƙyalli, irin kore da rawani ɗan Kura. Shunin nan yana zuba. Wanda ya sa rigar ko ya naɗa rawanin, sai ka ga hannunsa da wuyansa sun yi shuɗi. Talaka mai farin saƙi ko warki ba ya samun wannan tabo, don haka tabon ya zama shaidar wadata. Abin dariya shi ne marinin da ke cikin karofi ya fi kowa shuni a hannu, amma ba shi ake nufi ba.

Tana da 'yan'uwa. "Attajiri" daga Larabci take, asalinta ɗan kasuwa, shi ya sa ba ta cika zama daidai a kan ma'aikacin gwamnati ba komai kuɗinsa. In dukiyar ta kai inda ta kai sai a ce "hamshaƙin attajiri". "Masu kumbar susa" da "masu ido da kwalli" kuwa na hira ne, akwai ɗan murmushi a cikinsu, ba a sa su a takardar gayyata.

A wajen malamai fa? Wane ne gwani, wane ne alaramma?

Nan ne Bahaushe ya fi tsantseni, domin tsangaya tana da matakanta kuma ba a tsallake su da kuɗi. Yaro yana farawa kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. In ya haddace Alƙur'ani har ya iya rubuta shi da ka, ya zama alaramma. Gwani yana gaba da nan. Shi ne wanda ya san harji, ya san kalma kaza sau nawa ta zo kuma a ina da ina, har sauran mahaddata suka zauna suka gwada shi suka sallama masa. Gangaran kuma shi ne ƙarshen yabo, wanda karatu ke gangaro masa ba tuntuɓe. Lura da cewa mahaddata ne ke ba mutum sunan gwani. Ba wanda ke kwana ya tashi ya laƙaba wa kansa, in ya yi kuwa za a ja masa baƙi a gaban jama'a ya ji kunya.

Malaman ilimi, wato na fiƙihu da nahawu da tafsiri, su ake cewa "manyan malamai", "shehunai", ko "malaman zaure". Sama da su a bakin jama'a akwai "waliyyai", kuma Katsina ba baƙuwarsu ba ce. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, sun rayu a ƙarni na 17, unguwar Masanawa tana nan da sunanta, kuma har gobe ana yi wa birnin kirari da "tudu garin Ɗan Marina". Dubi wannan da kyau: garin da ke da sarakuna jere, amma a kirarinsa sunan malami yana kafaɗa da kafaɗa da na Dikko.

A wajen malamai za ka ji "amawa", wato gama-garin mutane waɗanda ba su yi zurfi a karatu ba. Kada ka ɗauko ta ka kai kasuwa.

"'Yan boko" yabo ne ko zagi?

Ya danganta da bakin da ta fito. Da farko raini ce, domin "boko" na nufin abin da ba na ainihi ba. Amma a garin nan aka juya ta. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 aka yi bikin buɗe ta a 1922, ɗalibai kaɗan take ɗauka daga lardunan Arewa, akasari 'ya'yan sarakuna da na manyan malamai, don a horar da su koyarwa. Daga cikinta Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya fito, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kashim Ibrahim, da Aliyu Makaman Bida, da namu Isa Kaita Wazirin Katsina. An mai da ita Kaduna a 1938, daga can Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon gininta na ƙasa yana nan, gidan tarihi ne yanzu. Da waɗannan mutane suka karɓi ragamar Arewa, "ɗan boko" ta koma nufin mai ofis, mai albashi, mai mota.

Yau kuma in ka ji dattijo ya ce "ai 'yan boko ne suka kai mu nan", ba yabo yake ba. In kana son girmamawa zalla, ce "masana", ko "masu ilimin zamani", ko "ƙwararru". Ga ɗalibi kuma "haziƙi" ko "zaƙaƙuri".

Abin da nakan nuna wa ɗalibai shi ne yadda ɗan boko, komai nisan da ya yi, yakan dawo gida neman rawani. Musa 'Yar'aduwa minista ne a Jamhuriya ta Farko, amma a Katsina Matawalle ake ce masa. Ɗansa Shehu janar ne, a gida Tafida. Umaru ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya yi shugaban ƙasa, shi ma Matawalle. Janar Hassan Usman Katsina kuwa Ciroma. Muƙamin gwamnati yana da ranar sauka, shi ya sa mutanen gari suka fi riƙe sunan fada.

Me ya sa ake cewa "jiga-jigan jam'iyya" da "ƙusoshin gwamnati"?

Duk aro ne daga kayan aiki. Jigo shi ne itacen nan da masu lambu ke kafawa a bakin rijiya ko rafi, a ɗaura guga a gefe ɗaya, nauyi a ɗaya gefen, a riƙa ɗebo ruwa. In jigo ya karye lambu ya bushe. Ƙusa ita ke riƙe katako. Ginshiƙi shi ke ɗauke da soro. Dukkansu suna nufin wanda in an cire shi abin zai rushe. A al'adar magana "jigo" ta fi zama da jam'iyya da ƙungiya, "ƙusa" da gwamnati da ma'aikata, "ginshiƙi" da gida da zuri'a.

"Shafaffu da mai" da "'yan gaban goshi" duk ɗaya ne?

Dangin juna ne, kuma dukkansu ba sa cewa mutum ya cancanta. Abin da suke cewa shi ne an fifita shi. "Ɗan gaban goshi" na mutum ɗaya ne: ɗan gaban goshin gwamna, ɗan gaban goshin malam. Ana iya faɗinta ba da ƙeta ba, kamar "ɗan lele" ko "na hannun dama". "Shafaffu da mai" kuwa kullum da ƙorafi take zuwa, kuma kusan kullum da "wasu" a gabanta: an raba taki, wasu shafaffu da mai ne suka samu. "'Yan mowa da 'yan bora" daga gidan mai mata biyu aka ɗauko ta aka kai siyasa, inda ake kukan an yi wa wani yanki aiki an bar wani.

Mai fassara ya yi hattara a nan. In labarin da ke gabanka bai zargi kowa ba, kai kuma ka sa "shafaffu da mai", ka ƙara gishirin da ba a ba ka ba.

Gwarzo, jarumi, barde, zakara: wanne ya fi?

Ba tsere suke ba. Jarumi da barde na fagen fama ne asali. Barade su ne mahaya na gaba, kuma a cikin rundunar da, 'yan lifida da 'yan sulke su ne zaɓaɓɓu, waɗanda yanzu sai a hawan Sallah ake ganin irin shigarsu. Gwarzo na juriya ne da ƙwazo, shi ya sa ta dace da "gwarzon shekara" a musabaƙa ko a makaranta. Zakara na gasa ne, wanda ya kayar da kowa. "Jarumi" dai 'yan fim sun tafi da ita, har ta kai yaro in ya ji kalmar, kyamara yake tunawa kafin takobi.

"Zakaran gwajin dafi" tana da labari mai ɗan ɗaci. Maharba in sun haɗa dafin kibiya, a jikin zakara suke gwadawa su ga ko ya yi. Wato asali shi ne wanda ake fara jefawa cikin haɗari. Yanzu ta koma nufin wanda ya yi fice har ake misali da shi, kuma ba na jin akwai mai iya mai da ita inda ta fito.

Sarkin Noma da Sarkin Maƙera sarakuna ne da gaske?

Sarakunan sana'a ne, kuma a da ba a wasa da su. Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, kowanne shi ke tsakanin 'yan sana'arsa da fada, shi ke raba gardama, shi ake nema in aikin sarki ya taso. Sarkin Noma kuwa a al'ada sai wanda ya ɗaure dami dubu a damina ɗaya, a yi biki a shaida. Madugu shi ne na fatake. A nan ne ake bambanta "ɗan gado" da "ɗan haye". Ɗan haye yana iya fin kowa iya aiki a kira shi gwani, amma da wuya a ba shi sarautar sana'ar da bai gada ba.

Na ji an ce kuskure ne a ce "ƙasurgumin malami". Don me?

Don "ƙasurgumi" ta fi zama da mugun abu. Mu da muke jihar nan mun ji ta har ta ishe mu a labaran 'yan bindigar daji. Haka "riƙaƙƙe", haka "tantiri", haka "ƙaurin suna". Wata shekara a wata makaranta da na koyar, wani ɗalibi ya tashi karanta jawabin bankwana, ya kira shugaban makarantar "ƙasurgumin malami da ya yi ƙaurin suna a faɗin jiha". Yaron da zuciya ɗaya ya rubuta, neman manyan kalmomi yake. Malamai suka sunkuyar da kai, ni kuwa da na duba masa rabin jawabin na bar rabi, gumi ya wanke ni.

Na yabo su ne "mashahuri", "fitacce", "ƙasaitacce". "Shahararre" da "gawurtacce" suna cin tudu biyu, sai ka duba abin da ya biyo bayansu.

Mata fa?

Yawancin kalmomin suna da tamata: gwana, jaruma, gwarzuwa, haziƙa, fitacciya, hamshaƙiya, attajira. Sarautar mata mafi tsufa ita ce Magajiya, kuma Daura ce gidanta, tunda mata ne suka fara mulkin garin kafin maza. Macen da ta yi fice a fagen da maza suka cika akan ce mata "kallabi tsakanin rawuna". Wasu 'yan mata da na koyar ba sa son ta, suna cewa tana nuna kamar baƙuwa ce a wurin. Na saurare su, kuma ban ga laifin maganarsu ba.

Mece ce kishiyar duk waɗannan?

"Talakawa". Asalin ma'anarta waɗanda ake mulka, marasa sarauta, ba lallai matalauta ba. Attajiri ma a gaban Sarki talakansa ne. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, da Malam Aminu Kano, su suka ɗauki kalmar suka mai da ita tuta, har mutum ya riƙa bugun ƙirji da ita. Akwai kuma "ya-ku-bayi" da "gama-gari", su kam da raini a ciki.

Mutum zai iya kiran kansa da ɗaya daga cikin sunayen nan?

A Katsina ɗakin kara? Sai dai in yana so a yi da shi a majalisa. Gwani in ka ce masa gwani, cewa zai yi "almajiri dai". Attajiri ya ce "ana dai rufin asiri". Hakimi ya ce shi bawan Sarki ne. Aikin faɗar girman mutum na maroƙa ne da sanƙira da 'yan'uwa, shi nasa ya sunkuyar da kai ya sa hannu a aljihu. Allunan 'yan siyasa da ake kafawa a shataletale, inda mutum ke biyan kuɗi a rubuta masa "gwarzo" da "jagoran talakawa" a ƙarƙashin hotonsa, sabon abu ne, kuma ko su za ka ga an rubuta cewa wata ƙungiyar magoya baya ce ta ɗauki nauyi.

In an ba ni gabatar da manyan baƙi a walima, yaya zan kira kowa?

Sarki "Mai Martaba", a bi shi da "Allah ya ja zamanin Sarki" ko "Allah ya ƙara wa Sarki lafiya". Gwamna "Mai Girma". Hakimi ka kira sarautarsa kafin garinsa, ka ce Ƙauran Katsina Hakimin Rimi, ba ka tsaya ga sunan yanka ba, kuma "ranka ya daɗe" ko "Allah ya ba ka nasara" ta wadatar. Alƙali "Mai Shari'a". Malami "Allah gafarta Malam", in mahaddaci ne ka ce Alaramma ko Gwani gwargwadon abin da 'yan'uwansa ke kiransa, kada ka ƙara masa kada ka rage. Babbar mace "Hajiya, ranki ya daɗe". In hakimai sun fi ɗaya a wurin, kada ka jera su da ka. Nemi wani bafade tun kafin a zauna, ka ba shi takardarka ya gyara maka jerin, sa'annan ka ɗauki makirfo.